Daga Ina?

Shekara ashirin da shida na yi a bayan kanta,
biro a hannu, littafin ofis a buɗe,
fanka a sama tana ta juyi ba iska.
Kafin suna, kafin laifi,
tambaya ɗaya muke yi: daga ina?

In ya ce Nasarawa, a jawo masa kujera,
har a tambayi lafiyar maigida.
In ya ce Kurna, ko Ɗorayi, ko gindin Dala,
biro ya riga ya san hanya:
kwance bel, tuɓe takalmi, wuce ciki.
Ba a koya mana wannan a kwaleji ba.
A kan kantar muka tarar da shi
kamar tsohon tabon tawada,
na gaba ya bar wa na baya.

Akwai wani yaro, Ɗan'azumi,
mai gyaran waya a Fam Santa.
An kamo shi da magariba, sukudireba a aljihu.
Na rubuta: makami.
Harafi shida kacal,
suka ci masa wata goma sha ɗaya a Kurmawa
yana jiran ranar da alƙali zai zauna.
A daren ne ɗan wani alhaji
ya take mai lemo da mota a titin gidan Zu.
Aka ce ƙuruciya ce. Ni na miƙa masa ruwan sanyi.

Uwar Ɗan'azumi ta yi kwana uku tana zuwa da kular tuwo.
Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba.
Ta dai kalle ni
irin kallon da ake yi wa rijiyar
da akuya ta mutu a ciki.

Yanzu na ajiye kaki.
Fansho yana zuwa ran da ya ga dama.
Ɗaki biyu nake haya a Rijiyar Lemo.
Makon jiya aka fasa shagon Malam Shitu mai hatsi,
bayan asuba aka yi cirko-cirko a ƙofar masallaci.
Wannan ya ce a ƙara wa 'yan sintiri ɗari bibbiyu,
wancan ya ce a sayo fitila da usur,
ladan ya ce a ja Yasin, a bar su da Allah.
Ga ofis can, ko Adaidaita ba sai an hau ba,
ba bakin da ya ambace shi.
Na yi gyaran murya, na ce a kai rahoto.
Shitu ya ce, Saje, ɓarawo buhu biyu ya ɗauka,
kada ka sa in sayar da na uku.
Aka kwashe da dariya.
Ni ma na yi.

Daren Laraba aka yi kame a gidan kallon ƙwallo.
Jikana Hambali yana ciki,
da kuɗin maganin kakarsa a aljihun wando.
Na zura babbar riga, na ɗauki tsohon katin aiki.

Kantar tana nan yadda na bar ta,
har da tsagar nan ta gefen hagu
inda nake soke biro in an kira salla.
Wani kurtu, gemu bai gama fito masa ba,
ko kai bai ɗago ba:
Baba, daga ina?

Na san amsar da ke jawo kujera.
Ai ni na sha jawo ta.
Katin yana aljihu yana ƙuna kamar garwashi.

Na ce, Rijiyar Lemo.

Na ga biron ya kama hanya.

A waje, kan benci, mata huɗu da kulolin abinci.
Ɗaya ta janye mayafinta, ta matsa mini wuri,
ta ce, kai ma naka tun jiya?